Bokitin motar Baba: a ina ya kamata feshin roba ya tsaya?

Ranar wata Asabar, bayan mun tafi hutun zango na biyu, na ɗaga tabarmar robar da ke shimfiɗe a bayan motar mahaifinmu da niyyar in wanke ta, sai na hango ƙasa. Ta wata 'yar huda kusa da tudun tayar dama, yashin tsakar gidanmu nake kallo. Na sa yatsa na danna gefen hudar, ƙarfen ya marmashe kamar ƙanzon tuwo. Na daɗe a tsugune da soso a hannu, ban iya kiran kowa ba.

Motar Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, irin wadda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira a-kori-kura. Mu a Kumasi fikop muke ce mata, bayanta da ake loda kaya kuwa bokiti. Baba, Allah ya jiƙansa, ya saye ta tsohuwa, ya yi shekaru yana ɗauko masara daga Ejura, doya daga Techiman, in Layya ta matso kuma raguna. Da ya rasu, magada suka yarda kada a sayar. Ƙanina ke tuƙa ta, abin da ta kawo shi ke riƙe cefanen Mma da kuɗin makarantar ƙannenmu mata biyu. Ni da nake koyar da lissafi a ƙaramar sakandare aka ɗora wa littafin kuɗin. Don haka duk sidin da zai fita da sunan gyara, sai na iya kallon idon Mma na faɗi dalili.

Abin da ya fi ci mini rai, hudar ta fito ne a wurin da muka riga muka biya aka kare. Shekara biyu kafin nan, ni da ƙafata na kai motar wurin wani mai fenti ya fesa wa daɓen bokitin baƙar roba. Na zaɓi daɓe kawai don shi ya fi sauƙin kuɗi, na ce ai a nan kaya ke zama. Mutumin ya wanke, ya bari ya sha iska, ya fesa, ya tsayar da feshin daidai kusurwar da daɓe ya haɗu da bango. Da yamma na ɗauko mota tana ƙyalli, na ƙara shimfiɗa tabarma a kai, ina ganin na yi dabara. Ashe araha ba ta ado.

Da daddare na kira yayana da ƙanina. Ƙanina, wanda ba ya rabo da kallon motocin Amurka da Ostareliya a TikTok, ya ce a fesa motar duka, ciki da waje har bamba, ta zama baƙa ƙirin a huta. Yaya ya ce, “Kai yaro, da kuɗin wa?” Shi a ganinsa a toshe hudar da walda, a shafa fentin mai, a koma aiki, tunda feshin nan an gwada an gani. Na rasa bayan wa zan bi. Mma tana jin mu daga ɗaki, ta ce mu daina musu mu je Magazin wurin abokin Baba, shi ya san motar tun kafin mu san ta.

Wace irin roba ce?

Feshin nan ya bambanta da fentin jikin mota, ya kuma bambanta da kwaltar da wasu ke shafawa a ƙarƙashi. Ruwa biyu ake haɗawa, su sandare su zama fata mai kauri, mai ƙuraje-ƙuraje, manne da ƙarfe. Sinadaran da ake yin ta da su ana kiransu foliyuritan da foliyuriya. Iri biyu ne a kasuwa.

Akwai na zafi, wanda babban inji ke ɗumama ruwan biyu ya turo su da ƙarfi, ba sa haɗuwa sai a bakin bindigar feshi, kuma cikin daƙiƙoƙi sun daskare. Da irinsa kamfanin Amurka Line-X, da aka kafa a 1993, ya yi suna, kuma kaurinsa a daɓe yakan kai milimita 3. Akwai kuma na sanyi da ake sayarwa a kwalabe, kamar Raptor na kamfanin U-POL na Ingila. Shi kashi uku na roba ake haɗawa da kashi ɗaya na ruwan da ke sandarar da ita, a girgiza, a ɗaura bindiga a bakin kwalbar, a fesa da iskar kwamfuresa. Kwali ɗaya lita 4 ne idan an haɗa. Masu fentin da na zagaya wurinsu duk wannan na biyun suke yi, don injin na zafi ba na kowane gareji ba ne.

Aikin robar uku ne: ta hana ƙarfe karcewa, ta hana ruwa taɓa shi, ta hana kaya zamewa. Tsatsa ba ta buƙatar komai sai ƙarfe tsirara da ruwa da iska. Gishiri da takin zamani da fitsarin dabbobi kuwa ƙara mata gudu suke yi, kuma babu wanda motarmu ba ta ɗauka a cikinsu. Ga shi a Kumasi damina biyu muke yi a shekara, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Bokitin da ke kwana a waje kusan rabin shekara a jiƙe yake.

Alli a hannun Masta

Wanda bai taɓa shiga Suame Magazin ba, zai yi wuya ya gane girmanta. Unguwa ce guda ta makanikai da masu walda da masu fenti da 'yan sifiya, ƙarar guduma ba ta yankewa daga safe har magariba. Abokin Baba yana can wani lungu, dattijo ne mai furfura, kowa Masta yake ce masa. Bayan mun gaisa ya yi wa Baba addu'a, sai ya sa yaransa suka kwashe komai daga bokitin, suka wanke shi tas, aka bar shi a rana ya bushe. Sannan ya zaro guntun alli daga aljihu.

“Ɗana, an ce kai ne mai alli a gidanku,” in ji shi yana dariya. “To yau ni zan yi maka darasi.”

Ya hau bokitin, duk inda fenti ya goge har ƙarfe ya leƙo sai ya zagaye shi da alli. Ya zagaye tudun tayoyin biyu. Ya zagaye ƙasan bangon gaba, inda buhuna ke dukan ƙarfe duk lokacin da aka taka burki. Ya zagaye cikin ƙofar baya. Da ya zo kan bakin bokitin, wato leɓen sama da ya kewaye shi, sai ya daina zagayewa ya ja layi ɗaya dogo, don babu inda ya tsira. A nan igiya ke gurzawa idan an ɗaure kaya, a nan masu lodi ke dire buhu kafin su tura shi ciki, a nan rodi da katako ke kwanciya, a nan kowa ke taka ƙafa ya hau. Saman ƙofar baya ya fi ko'ina lalacewa. Da ya sauko ya zagaya jikin motar ta waje, allin bai taɓa ko'ina ba sai 'yan ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin ƙofofi, inda tsakuwa ke fallatsa.

“Ka gani? Motar ta riga ta faɗi inda ke mata ciwo. Ba ni zan zaɓa ba, ba kai ba, ba wannan ɗan TikTok ɗin ba.”

Daga nan ya ɗauki sukudireba ya zura a gefen tsohon feshin, ya ɗaga. Robar ta taso kamar ɓawon rogo, ƙarƙashinta ja wur. Ya ce laifi biyu aka yi. Na farko, ba a goge fentin da samfefa ba, ba a kuma cire tsatsar da ta riga ta kama ba, don haka robar kwanciya ta yi a sama, ba ta kama ba. Na biyu, an tsayar da feshin a kusurwa, daidai inda ruwa da ƙura ke taruwa. Ruwa ya samu gefe ya shige, tsatsa ta kama, kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta kumbura ta ƙara ɗaga robar, ƙarin ruwa ya shiga. Tabarmata kuma ta rufe komai, ta hana wurin bushewa, ta hana ni gani.

“Inda feshi ya ƙare, nan ne ƙofarsa,” in ji Masta. “Wa yake sa ƙofar ɗaki a cikin kwata?”

Lissafin da ya kashe musu

Na karɓi tef ɗinsa na auna. Tsawon bokitin kusan mita 1.5, faɗinsa ma kusan haka, zurfinsa wajen santimita 45. Na tsuguna na yi lissafin a ƙasa da allinsa. Daɓe murabba'in mita 2.25. Bangaye huɗu, har da ƙofar baya, kewayensu mita 6, in an ninka da zurfi ya ba da 2.7. Jimla ta kusa 5. Bakin bokitin kuwa, in an ce faɗin da za a rufe santimita 10 ne, bai wuce 0.6 ba. Duka-duka kenan murabba'in mita 5.5 da 'yan kai, ban da abin da tudu da kwarin daɓen za su ƙara. Mai mota mai ƙofa biyu, wadda bokitinta ya haura mita 2, sai ya yi nasa lissafin.

Abu biyu suka fito fili. Daɓen da na biya wancan karon bai kai rabin wurin da ke buƙatar kariya ba. Bakin da ya fi ko'ina shan wahala kuma kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai na dukkan aikin.

Sai lissafi na biyu, wanda nake koya wa yara a aji ba tare da na taɓa kawo shi kan motarmu ba. Lita 1 in aka baza ta a murabba'in mita 1, kaurin milimita 1 take bayarwa. To kwali ɗaya mai lita 4 a kan murabba'in mita 5.5 bai kai milimita 1 ba, tun kafin a cire abin da iska za ta kwashe da wanda zai ƙafe wajen bushewa. Na juya na kalli ƙanina. Na ce kuɗin da ke hannunmu na kwali biyu ne. In mun zuba su a bokiti, za mu samu fata. In mun baza su a jikin motar duka, za mu samu launi kawai. Duk wanda kuɗinsa ke da iyaka, faɗin da ya ƙara daga kauri yake cire shi.

Yaya ya tambayi nauyi, don ya ji ana cewa feshin na ƙara wa mota kaya. Ko na zafi ne mai milimita 3 a ko'ina, lita 16 da ɗoriya ce, nauyinta bai kai rabin buhun siminti ba. A bokiti wannan ba abin damuwa ba ne.

A hau baki ko a tsaya a ƙarƙashinsa?

Wannan ita ce tambayar da duk mai fikop zai ci karo da ita, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Tsayawa a ƙarƙashin baki na nufin a fesa daɓe da bangaye, a ƙare a ƙarƙashin leɓen da ya lanƙwaso ciki. Gefen feshin yana ɓoye a inuwa, ruwan sama ba ya dukansa, kuma wanda ya kalli motar daga waje ba zai ga an taɓa ta ba. Wannan ya dace da wanda bakin bokitinsa ke da murfin roba tun daga kamfani, ko wanda ya ɗora rumfa ko marfi a kai, ko mai sabuwar mota da ba ta ɗaukar komai sai kayan gida. Masta ya ce mai rumfa ya ƙara kula, don kaurin feshi a kan baki zai iya hana rumfar zama daidai.

Hawa baki kuwa na nufin feshin ya haye leɓen ya ɗan sauko ta waje. Robar da zai ci kaɗan ce, wahalar a hannu take. Sai an liƙa tef a ja layi miƙaƙƙe a jikin fentin waje, a lulluɓe sauran motar da takarda, a kuma cire tef ɗin tun robar ba ta sandare ba, in ba haka ba gefen ya yage. Masu na zafi ma wani tef ne da su mai siririyar waya a ciki, da ita suke yanke gefen. Kuma babu komawa baya: fentin da ke kan bakin sai an goge shi kafin a fesa. Rana ma a nan ta fi duka, kuma wasu nau'o'in robar suna dusashewa su yi toka-toka, wasu kuma an yi su don jure rana. Ya kamata mutum ya tambayi wanne ake zuba masa.

Mu allin ya riga ya yanke mana hukunci. Motar da ake ɗaure wa kaya da igiya kullum, in aka bar bakinta tsirara, daga nan tsatsa za ta faro ta gangara ƙarƙashin sabon feshin.

Inda ba a taɓawa

Na ɗauka in an ce bokiti, komai na ciki ake rufewa. Masta ya nuna mini wuraren da zai kare da tef ko ya kwance su gaba ɗaya. Na farko hanyoyin fitar ruwa, 'yan ƙofofi da tsagar da ke gaban daɓe. In roba ta toshe su, bokiti ya zama bokitin gaske, ruwa ya kwana a ciki. Na biyu kawunan notocin da suka riƙe bokitin a kan shasi, don ranar da za a sauke shi a yi wani gyara kada a zo ana sassaƙa. Na uku ƙugiyoyin ɗaure kaya, su kwance su ake yi, a fesa, a mayar. Sai makullin ƙofar baya da hinjinta da wayoyin fitilu. Gefunan ƙofar kuma shafa kaɗan ake yi musu, don in suka yi kauri ƙofar ba za ta rufu ba.

Ya ƙara da cewa duk wanda ke da niyyar sa ƙarfen kariya na dogon kaya, ko wata walda ko huda, ya yi tun kafin feshi. Wutar walda tana ƙona robar, hayaƙinta kuma guba ne.

Jikin waje da ƙarƙashi

Ƙanina bai haƙura nan take ba. Ya ce to ko rabin jiki ne a yi. Masta ya lissafa masa abin da zai biyo baya. Ƙurajen robar suna riƙe jar ƙurar hanyoyinmu, wanki ya zama aiki. In aka buge ƙofa ta lotsa, mai gyaran bodi sai ya sha fama kafin ya kai ga ƙarfe, facin kuma ba ya sajewa. Baƙin jiki yana shan rana, na cikin mota su ji a jikinsu. Launin mota yana rubuce a takardunta, in ka canza shi ka jawo wa kanka tambayoyi a shingen 'yan sanda. Ranar sayarwa kuwa, mai saye da ya ga tsohuwar mota a lulluɓe da roba, abin da zai fara zuwa ransa shi ne me aka ɓoye.

Ƙarƙashin mota kuma matsalarsa daban. Akwai lunguna da hannu ba ya kai wa balle samfefa, kuma mun riga mun ga abin da ke faruwa in aka fesa roba a kan tsatsa. Shawararsa ita ce a riƙa wanke laka bayan damina, a fesa maganin tsatsa mai maiƙo wanda ke ratsa lunguna, a sabunta shi lokaci-lokaci, a nisanci burki da salansa. Lambar shasi da ke buge a jikin ƙarfe kuma kada a bari komai ya rufe ta. Zirin da ke ƙarƙashin ƙofofi ne kawai ya ce mai bin hanyar tsakuwa kullum zai iya ƙarawa. Mu muka bar shi sai wani jiƙon.

Aikin da ido ba ya gani

Feshin kansa bai ci awa biyu ba. Shirinsa kwana uku ya ci. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin har sai da ya kai ga lafiyayyen ƙarfe, ya sa sabon faranti. Aka kankare tsohuwar robar duka, aka bi tsatsa da injin gurza har ƙarfe ya yi fari, aka shafa masa fentin fari na kariya. Sauran fentin mai lafiya ba a cire shi ba, an dai goge shi da samfefa har ƙyallinsa ya mutu, don robar ta samu abin kamawa. Sannan aka wanke da sinadarin cire maiƙo, saboda bokitin da ya sha gas da manja, roba ba ta zama a kansa. Ranar da aka sa za a fesa hadari ya haɗu, Masta ya ce a bari. Danshi na sa irin wannan roba ta yi kumfa ko ta ƙi kamawa.

Na ɗauki hoton kowane mataki da wayata, daga hudar har farin ƙarfe. Na yi haka ne don magada su ga inda kuɗinsu ya tafi, kuma in wata rana aka zo sayarwa, mai saye ya ga abin da ke ƙarƙashi.

Akwai abin da ba zan tsallake ba. Ruwan da ke sandarar da robar yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda shaƙarsa ke jawo ciwon asma, kuma in jiki ya riga ya tsane shi, ko kaɗan mutum ya shaƙa sai ƙirji ya toshe. Hankici ko takunkumin takarda ba sa tare shi. Yaron da ya riƙe bindigar bai fi ɗaliban da na yaye shekaru kaɗan da suka wuce ba. Na ji daɗi da na ga Masta ya miƙa masa takunkumi na gaske mai matata, da safar hannu da tabarau, ya kuma kori ƙananan yaran daga wurin. A garejin da na fara zuwa, da tsumma a hanci aka yi mini aikin, kuma a lokacin ban ce komai ba. Mai mota yana da bakin magana a nan. In ka ga za a fesa maka ba kariya, ka ce a dakata.

Sai jira. Na sanyi yakan bushe a taɓa shi a ranar, amma kafin ya ɗauki kaya mai nauyi sai ya yi kusan mako guda. Wannan makon shi ne kuɗin da ba a rubuta a rasit ba. Ƙanina ya rasa lodi biyu na Ejura, kuma sai da na cire cefanen Mma na satin daga albashina. Wanda motarsa ke ciyar da gida ya sa wannan a lissafi, ya kuma zaɓi lokacin da kasuwa ta yi sanyi.

Bayan shekara guda

Abin da muka yi a ƙarshe shi ne daɓe, tudun tayoyi, bangaye, cikin ƙofar baya, sannan aka haye baki har da saman ƙofar. Kwali biyu aka zuba. Daɓe da tudun tayoyi da ƙofa suka sha hawa uku, bangaye hawa biyu. Yaya, da ya ga lissafin a ƙasa, shi ya ce kuɗin walda a bar masa.

Yanzu motar ta ga damina biyu da Layya ɗaya. Ragunan bana sun iso a tsaye, babu wanda ya zame ya karye. Igiya ba ta ƙara cin bakin ba. Amma ba zan ce babu aibi ba. Masu lodi suna ƙorafi cewa buhu ba ya jawuwa a kan robar, sai an ɗaga shi, don haka muka yanko falankin filawud da ake shimfiɗawa ranar masara, a cire shi da yamma. Da tsakar rana daɓen yana zafi sosai, in tumatir ko ganye za a ɗauka sai an yi shimfiɗa. Baƙin da ke kan baki ya ɗan dusashe. Akwai kuma ranar da bakin rodi ya tsaga robar a daɓe, muka koma aka goge wurin aka cike shi a satin, ba mu jira ruwa ya gano shi ba.

Abokan aikina biyu masu fikop sun tambaye ni nawa ya kamata su fesa. Na ce ban sani ba sai na ga motar. Ɗaya rumfa ce a kan tasa, littattafai da kayan makaranta yake ɗauka, na ce ya tsaya a ƙarƙashin baki ya riƙe canjinsa. Ɗayan bulo da yashi yake kai wa masu gini a ƙarshen mako, na ba shi guntun alli na ce ya wanke bokitin ya zagaye duk inda ƙarfe ya leƙo, sannan ya duba inda layin feshin zai ƙare, ya tabbata ba wurin da ruwa ke kwana ba ne. Na kuma ce in kuɗinsa ba za su kai ga gurza da gogewa ba, gara ya jira wata biyu ya tara, da ya biya a lulluɓe masa tsatsa.

Tabarmar robar nan tana rataye a bangon bayan gida, ba ta sake komawa mota ba. Asabar ɗin farko ta kowane wata nakan sa a kwashe bokitin, in bi gefen feshin da farce daga wannan kusurwa zuwa waccan, in zura tsinke a hanyoyin ruwa. Mma takan leƙo daga ƙofar ɗaki ta ce, “Malam, an ga ƙasa?” In ce, “A'a Mma, ba a gani ba.” Sai ta koma ciki.